In Malam Ya Fita: Wace Hanyar Riƙe Aji Ce Ke Koya Wa Yaro Kamun Kai?

Duk shekara idan lokacin koyarwar gwaji ya zo, wadda ɗalibanmu suka fi sani da TP, akwai wata 'yar dabara da nake yi wa waɗanda aka ɗora mini duba su. Ba na faɗawa ajin kai tsaye. Sai in tsaya a baranda, in aiki wani yaro ya ce wa malamin ana sallama da shi. Idan ya fito sai in tsare shi da gaisuwa, ya gida, ya mutanen Dutsin-Ma ko na Daura, ya aka ji da zafi, alhali kunnena yana can ajin da ya baro. Minti uku sun ishe ni.

Akwai ajin da kafin malamin ya fito ko tari ba ka ji, kamar an yi ruwa an ɗauke. Da ƙafarsa ta taka baranda sai wuri ya kaure: wannan ya haye benci, wancan ya wafce biron na kusa da shi, 'yan baya sun mayar da tebur kalangu, monita na ta ihu a banza. Akwai kuma ajin da dama can yana da 'yar hayaniyarsa, irin ta mutanen da ke cikin aiki, kuma ko da malamin ya fita ba ta ƙaru ba, kawuna na kan littafi. Mai aji na farko shi ke zuwa wurina da fara'a yana jiran yabo. Ni kuwa na biyun nake ba maki mai tsoka.

Shiru daban, kamun kai daban. Kamun kai shi ne abin da yaro zai yi idan babu idon da ke kansa, kuma da wannan ma'aunin nake so mu auna hanyoyin da ake koya muku a kwaleji da waɗanda za ku tarar a makarantun da za a tura ku. Gwajin baranda ba ni na ƙirƙiro shi ba. A 1939 wani masani mai suna Kurt Lewin da abokan aikinsa Lippitt da White suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a Iowa ta Amurka, a kan ƙungiyoyin yara maza 'yan kimanin shekara goma masu aikin hannu bayan tashi daga makaranta. Wasu aka ba su shugaba mai kama-karya, wasu mai shawara da su, wasu kuma wanda ya sakar musu ragama. Yaran mai kama-karya sun yi aiki da yawa matuƙar yana tsaye a kansu, amma da ya bar ɗakin sai aikin ya zube. Yaran mai shawara suka ci gaba da abinsu ko yana nan ko ba ya nan. Waɗanda aka sake kuwa su ne suka fi kowa shirme. Ku riƙe wannan rukuni na uku a rai, za mu dawo gare shi.

Mu fara da bulala, tunda ita za a fara miƙa muku. Ba zan yi muku ƙarya ba, tana aiki, kuma nan take. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma ku da kanku kun san akwai ajujuwa a cikin garin nan na Katsina da za ka ƙirga kai tamanin ko ɗari, rabi a benci rabi a ƙasa, ga zafin watan Afrilu, ga kwano a sama ba silin. Mutumin da aka jefa cikin wannan hali, ya ga tsumagiya ɗaya ta kashe hayaniyar mutum ɗari, ba mamaki ya ɗauke ta abokiyar aiki. Iyaye ma da yawa ita suke so. Wani uba ya taɓa kawo mini ɗansa har bakin aji ya ce, "Malam, ka zane shi yadda ka ga dama, ido kawai za ka kiyaye." In ka yi gardama a ce maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a manta cewa ɗanyen iccen ma in aka matsa masa da yawa karyewa yake yi.

Tambayar ita ce me bulala take koyarwa. Ba sai mun je wurin Turawa ba kafin mu sami amsa. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya ware babi guda a kan cewa tsanantawa ɗalibai cutar da su ne. Ya ce yaron da aka rena da duka da tursasawa zuciyarsa takan ƙuntata, kuzarinsa ya mutu, ya koyi ƙarya da yaudara, yana nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannu. Tun kafin shi, Muhammad ibn Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan a ƙarni na tara, wanda bai haramta duka ba, ya yi masa dabaibayi: kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uba. Ku kwatanta da abin da ake yi a bakin get ranar Litinin da safe. Sahabi Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Binciken zamani ma can ya nufa. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara nazarce-nazarcen shekaru kusan hamsin da suka shafi yara fiye da 160,000, a kan dukan da iyaye ke yi a gida, suka ga yawan duka na tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa da damuwa, ba tare da ƙarin biyayya ba.

Ni kaina na ga wannan da idona, kuma ni ne mai laifin. Shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wata firamare da ke bayan ganuwa, ina da yaro ɗan aji biyar da kullum sai an yi rabin darasin farko yake shigowa. Kullum bulala uku a tafin hannu. Bayan mako biyu sai makarar ta ƙare, na ce alhamdu lillahi, magani ya ci. Ashe ba zuwa da wuri ya fara ba. Idan ya makara sai ya laɓe a bayan katangar makaranta har a fito tara, ya saje da jama'a ya shigo, wani abokinsa kuma ya riga ya amsa masa suna a rajista. Maimakon rabin darasi ya koma asarar darasi uku, ya kuma koyi ƙarya, ya koya wa wani. Sai daga baya na san cewa kafin ya zo makaranta sai ya tura kurar ruwa sahu biyu, da kuɗin ake sayen kokon gidan. Ban taɓa tambayarsa ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ku kai tsaye. Ƙa'idojin aikin koyarwa na TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ba su yarda malami ya doki ɗalibi ba sai da izinin hukumar makaranta, ku kuma ko ma'aikata ba ku zama ba, baƙi ne. Ranar da bakin bulala ya sami ido ko kunne, uban nan da ya ce a zane shi shi ne zai fara zuwa da jama'a, kuma ba wanda zai tsaya muku. Gwale-gwale irin su kamun kunne, tsallen kwaɗo da durƙuso a rana, duk ƙannen bulala ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A gwajin baranda, wannan hanya ita ce ta ƙarshe.

Kishiyarta a idon mutane ita ce lada: alewa, biro, tauraro a littafi, "a tafa masa". Tushenta koyarwar masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ce, cewa halin da aka saka wa da abu mai daɗi yakan maimaitu. Ta fi bulala nesa ba kusa ba, ba ta barin tabo, kuma ga 'yan aji ɗaya zuwa uku tana da amfani sosai. Sai dai da ita da bulala duk daga waje suke jan yaro, ɗaya da tsoro, ɗaya da kwaɗayi. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka gwada wani abu a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford. Suka zaɓi yaran da dama suna son zane, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun yi zane. Bayan 'yan kwanaki, da aka bar su su yi abin da suka ga dama, waɗanda aka yi wa alkawarin sai suka rage zane da kusan rabi in an kwatanta da sauran. Abin sha'awa ya koma aikin lada. Waɗanda aka ba takardar ba zato kuwa, sha'awarsu ba ta ragu ba. Saboda haka in za ku yi kyauta, ta zo ba zato, kada ta zama ciniki. Balle ma ɗan TP da ke lissafin kuɗin mota, ina ya ga kuɗin alewar yara casa'in?

Abin da ba ya cin ko kwabo shi ne yabo mai faɗin abin da aka yi. "Yaron kirki" ba ya koya wa kowa komai. "Na ga ka jira ta gama magana kafin ka ɗaga hannu" ya nuna wa yaron, da duk masu saurare, ainihin abin da ake so. Akwai kuma wani wasa da aka fara gwadawa a wani aji huɗu a Kansas a 1969: a raba aji gida biyu, duk wanda ya karya doka a yi wa gidansu zane a allo, gidan da zanensa bai kai wani adadi ba ya ci, kuma duka biyun suna iya ci. Na ga ya yi aiki a nan, layin taga da layin ƙofa, ladan kuwa fita tara minti biyu kafin kowa. Ku dai sa ido, kada gida ya taru ya lakaɗa wa wanda ya jawo musu zane duka a hanyar komawa gida.

Hanya ta uku ita ce wadda Lee da Marlene Canter suka yaɗa tun 1976: dokoki kaɗan a fili, da matakan hukunci da kowa ya san su tun kafin ya yi laifi. Karo na farko gargaɗi, na biyu canjin wurin zama, na uku tsayawa bayan tashi, na huɗu a kira uba. Alherinta adalci ne. Yaro ya san abin da zai biyo baya, hukunci bai dogara da ko Malam ya karya kumallo ko bai karya ba, ɗan mai kuɗi da ɗan mai tura baro mataki ɗaya suke hawa. Ga sabon malami mai rawar murya, wannan sanda ce ta dogarawa. Rauninta shi ne duk ikon yana hannun malami, yaro lissafi kawai yake yi, saura mini gargaɗi ɗaya. Rubuta sunan mai laifi a allo kuwa, wanda shi kansa Canter ya ja da baya daga kansa daga bisani, a wurinmu kaifi biyu gare shi: yarinya mai kunya sai ta kwana tana kuka, ƙaton bencin baya kuma ya ɗauke shi lambar girma.

Yanzu ga wadda nake so ku fi ba ƙarfi. Jacob Kounin malamin jami'a ne a Detroit. Wata rana ya tsawata wa wani ɗalibi da ke karanta jarida ana lacca, sai ya lura duk ajin ya nutsu, har waɗanda ba su yi komai ba. Mu da mun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wannan ya sa shi bin diddigin yadda tsawatarwa ke aiki, ya ɗauki hotunan bidiyo na gomman ajujuwan firamare. Abin da ya fitar a 1970 ya saɓa wa abin da ya tafi nema. Malaman da ajinsu ke zaune lafiya ba su fi sauran iya hukunci ba. Bambancin yana cikin abin da suke yi kafin rigima ta tashi. Suna da ido a ƙeya, suna kama abu tun yana ƙarami, kuma suna kama ainihin mai laifin ba na kusa da shi ba. Suna iya duba littafin wannan alhali sun san abin da wancan ke yi. Darasinsu ba ya tsayawa ya yi sanyi.

Ku lura da lokacin da aji ke ɓaci, za ku ga ba tsakiyar bayani ba ne. Gaɓoɓi ne: shigowa daga tara, rabon littattafai, neman alli, goge allo, da uwa uba lokacin da malami ya juya wa aji baya minti goma yana kwafe rubutu daga littafinsa. Zaman banza shi ke haifar da yawancin abin da muke kira rashin tarbiyya. Maganinsa shiri ne. Kafin yara su shigo, aikin minti biyar na jiran su a allo, ko da tambaya biyu ce daga darasin jiya. Dogon rubutu a yi shi kafin lokaci, in kuwa dole ne, a rubuta layi biyu a juyo. A buɗe hanya a tsakiyar ajin ko da ta faɗin ƙafa ɗaya ce, domin malamin da ba ya iya kaiwa bango na baya ya sallama wa 'yan baya mulkin ajin. Idan biyu na hira, ba sai an daka tsawa daga gaba ba, a ci gaba da bayani ana takawa har a tsaya kusa da su, a ɗora hannu a kan tebur. A yi tambaya tukuna, a ɗan yi shiru, sannan a kira suna, don kowa ya zauna cikin shiri. A sami alama guda ta neman shiru, tafi uku su amsa da biyu, a yi ta gwada ta a makon farko har ta zama jiki.

Sannan suna. Na san casa'in ba wasa ba ne, ga masu suna iri ɗaya har biyar a aji guda. Amma "kai, mai hular nan" da kiran yaro da sunansa da na mahaifinsa ba ɗaya ba ne. Ku zana taswirar zama a bayan littafin shirin darasi, ku haddace benci biyu kullum.

Mai ƙorafi zai ce ai wannan ma idon malami ne, in ya fita fa? Da gaskiyarsa, rabi. Idon yana fita da malamin, amma sabo yana zama. Yaron da ya yi wata guda yana shigowa ya tarar da aiki ya fara ba tare da an ce masa ba, ya soma tafiyar da kansa ko bai sani ba. Wannan hanya ba ta kai yaro ƙarshen tafiya, sai dai in babu ita sauran hanyoyin ba su da inda za su tsaya.

Mai kai shi ciki sosai ita ce ta Rudolf Dreikurs, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, almajirin Alfred Adler, wanda ya koma Chicago a 1937. Shi a ganinsa yaro yana neman gurbi ne a cikin jama'a, in bai samu ta hanyar kirki ba sai ya nema ta ɗayan huɗu: jan hankali, ja-in-ja da mai iko, ramuwa, ko nuna gazawa don a ƙyale shi. Ma'aunin gane su kuwa yana jikin malamin. In yaro yana gundurar ka, hankalinka yake nema. In ka ji ranka ya ɓaci kana cewa yau za a ga mai iko, ja-in-ja ne, kuma da ka shiga ka faɗi, ko ka yi nasara. In abin ya soke ka a zuci, ramuwa ce, wani ya taɓa cutar da shi. In ka ji ka fid da rai da shi, ya riga ka fid da rai da kansa. Bulala ɗaya ake yi wa duka huɗun, alhali na farko ita ma hankali ce ya samu, na biyu ta ba shi fagen da yake so, na uku ta ƙara masa dalili, na huɗu ta tabbatar masa.

Daga nan Dreikurs ya raba hukunci da sakamako mai alaƙa da laifi. Mu duba abin da muke yi. Yaro ya makara minti goma, sai a ba shi lauje ya yi awa guda yana yankan ciyawa, wato maganin rasa darasi shi ne a ƙara rasa darasi. Ko a sa shi shara, mu koya masa cewa tsabta aikin masu laifi ce. Sakamako mai alaƙa shi ne: ka makara, za ka rama abin da ya wuce ka lokacin tara. Ka yi rubutu a bango, ga ruwa ga tsumma. Ka yaga littafin wani, kai za ka liƙe shi ka kwafe masa shafin da ya lalace. Ka hana na kusa da kai karatu, zaɓi, ko ka nutsu a nan ko ka dawo gaba. Muryar da aka faɗi wannan da ita rabin aikin ce. In da gatse ko huci aka faɗa, ya koma hukunci ya canja riga kawai. Wahalar hanyar nan ita ce tana cin lokaci da tunani, ba kowane laifi ne sakamakonsa ke zuwa kai nan take ba. Ba laifi ba ne ka ce, "Ka same ni bayan darasi," ka ba kanka lokacin hucewa.

Ta ƙarshe ita ce shawara da ɗora amana. William Glasser tun 1969 yake kiran a riƙa zaman aji, yara su yi da'ira su tattauna matsalolinsu da malami. Da'irar mutum casa'in a ɗakin da ko juyawa ba a yi, wannan sai a can. Amma ruhin abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ku leƙa makarantar allo da asuba: kowane yaro da allonsa, yana kan inda ya tsaya, babba na biya wa ƙarami, malam na zaune a buzunsa, kuma karatu bai tsaya don ya shiga gida ba. Ban manta da dorinar da ke hannun gardi ba, ita ce ɓangaren da ba za mu ɗauko ba. Abin ɗauka shi ne kowa ya san aikinsa, kuma akwai wanda ke ƙarƙashin kulawarsa.

A aji, wannan na nufin a raba yara rukuni na takwas ko goma bisa layin zama, kowanne da shugaban da ake canjawa duk mako biyu. Dokokin aji, kada su wuce biyar, a tsara su tare, a tambaye su me ke hana su jin darasi. Za ku sha mamaki, dokokinsu sun fi naku tsanani, ku ne za ku riƙa sassautawa. Minti goma ranar Juma'a kafin tashi: me ya tafi daidai, me ya lalace, ya za mu gyara. Faɗa tsakanin biyu a yi masa irin zaman da mai unguwa ke yi, kowa ya faɗi nasa, wanda ya yi ɓarna ya faɗi yadda zai gyara. Tsarin monita mai rubuta sunayen masu surutu kuwa, ni dai na daɗe da yanke masa ƙauna. Ɗan sanda ƙarami muke ƙerawa, mai goge suna da awara biyu, mai rubuta wanda suka yi faɗa jiya a unguwa. Gara a fasa muƙamin gida goma: mai allo, mai rabon littafi, mai tagogi, mai duba lokaci, mai kai aiki ga wanda bai zo ba. Kuma fitinannen ajin a ba shi ɗaya daga ciki, wanda ke buƙatar motsi.

A gwajin baranda wannan ce zakara. Ita ce kuma ta fi kayar da 'yan TP, domin suna rikita ta da sakaci. Saurayi ya shiga aji ranar farko yana murmushi, "Ni ba irin sauran malamai ba ne, ni abokinku ne." Mako biyu ajin ya zama kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, mako na uku ya ari bulala, ya fi kowa duka, don yana jin an ci amanarsa. Rukunin Lewin na uku ke nan da na ce ku riƙe. Yara ba aboki suka rasa ba. Shawara ba ta tsayuwa sai a kan ajin da ya riga ya san iyaka.

To, wanne za a ɗauka? A ganina tambayar ta jeri ce. Mako biyun farko ku ba tsari da sabo irin na Kounin duk ƙarfinku, da dokoki kaɗan da matakai bayyanannu don ku sami abin dogara. Da ajin ya zauna, ku fara musanya matakan da sakamako mai alaƙa, ku fara raba muƙamai. Zaman shawara ya zo daga baya, in kun ga ƙasa ta yi ƙwari. Lada kuwa gishiri ce, a barbaɗa. Shekaru ma na canja awon. 'Yan aji ɗaya zuwa uku, waƙa da tafi da maimaici da yabo. Daga aji huɗu zuwa ƙaramar sakandare, gasar layi da muƙamai. Babbar sakandare, inda wani ɗalibin bai fi ku ƙanƙanta da shekara uku ba, kusan komai a keɓe ake yin sa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Saurayin da ka tozarta a gaban 'yan ajinsu ka cire masa kunyar da za ka riƙe shi da ita, wanda ka kira gefe ka ce, "Wannan bai yi kama da kai ba," ka bar masa abin da zai kare.

Ga ƙannena mata da za a tura ajin samari, shawara ɗaya: kada ku mayar da malamin horo makaminku. Duk ranar da kika aika a kira shi saboda surutu, kin yi shela cewa ikon ajin ba a hannunki yake ba. A ajiye shi don manyan abubuwa, makami, sata, duka, cin zarafi, waɗanda dama ba na ɗan koyo ba ne shi kaɗai, mace ko namiji.

Sauran abin da za ku yi idan hedimasta da kansa ya miƙo muku bulala ranar farko, don zai faru. Kada ku tsaya yi masa lacca, ya shekara talatin a aikin, kuma shi zai sa hannu a takardarku. Wata ɗalibata da aka tura wata ƙaramar sakandare a Daura, hannu biyu ta sa ta karɓa, ta ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma." Ta kai ta aji ta mayar da ita abin nuna rubutu a allo. Ba komai ne ya tafi mata daidai ba. Akwai yara biyu da har ta gama ba ta shawo kansu ba, ɗaya sai da aka kira mahaifinsa sau biyu, kuma wasu malaman suna ce mata mai lallashi. Ranar da na je duba ta, na yi abin da na saba, na aika aka kira ta, na tsare ta da tambayar hanya da ko ta sami zuwa ganin rijiyar Kusugu. Hayaniya ta ɗan taso daga layin taga. Sai na ji wata murya mai kauri daga can baya, ta wani dogon yaro da ta ce mini da shi ne ke fara buga tebur, yanzu kuma shi ke riƙe da agogonta: "Saura minti shida, kuma rukuni na huɗu ko lamba uku ba ku kai ba."